Yadda Na Ƙunshe Gyaɗa da Ƙarshen Littafin Yaya

Ni ba marubuci ba ne, kuma ba zan yi ƙaryar ilimi ba. Aji biyar na yi a madrasa aka ce ya isa, a fita neman abinci. Hausar bokon nan da kuke gani ma sai da na yi gemu na koye ta, in kun ga ta karkace ku bar ta a karkacenta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami 'yata ce. Ablarsu, wato malamar da ke koya musu adabi, ta ce kowace yarinya ta kawo sunayen littattafan labari na zamanin da, waɗanda jarumarsu budurwa ce mai ƙarfin zuciya, ta karanta ɗaya ta ba aji labarinsa. Yarinyar nan ta wuce ni ina zaune ina shan shayi, ta hau bene wajen wata 'yar Najeriya mai aiki a kantin magani, ta sauko da takarda cike da sunaye. Ban ce matar ta yi laifi ba, mutuniyar kirki ce, ta yi karatu. Amma ni da na haife ta, ko don kara ba a tambaye ni ba. Direban dabbab ne ni, 'yar motar nan ta kwasar kaya, mai jigilar katifu da firji daga unguwar Bagdadiyya a nan Jidda zuwa duk inda haya ta kori mutum, me na sani game da littafi? To na sani. Na san ɗaya da ya fi duk na takardar nan, kuma a ranar mai riƙe da shi saura mata mako uku a ƙasar nan.

Mai riƙe da shi yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Jidda aka haife ta kamar yadda aka haife ni, ba ta taɓa ganin Najeriya ba sai a talabijin. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin mijinta take, Allah Ya yi masa rasuwa, na yi yawon neman mata kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya mata, har takalmina ya cinye, ban samu ba. Mutane suka ce ta yi abin da wasu ke yi, ta lafe a ɗaki ta daina fita, wa zai bi ta kanta. Ta ce kakarta da ƙafarta ta shigo ƙasar nan rana tsaka, ita kuwa ba za ta ƙare kwanakinta a bayan labule gabanta na faɗuwa duk aka ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta je da kanta aka buga mata fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Za ta wani gari a ƙasar Katsina wajen dangin da muryarsu kawai ta sani a waya. In jirgin nan ya tashi, halas, an gama. Kuma 'yata rabonta da ɗakin gwaggonta shekara biyu ke nan, tun ranar da Yaya, da ke sayar da gyaɗa da 'ya'yan kuka a ƙofar makarantu, ta hango ta cikin ƙawayenta ta kira ta da sunan gida, yarinyar ta ɗauke kai kamar da bango ake magana. Yaya ba ta kawo mini ƙara ba. Tirenta kawai ta ɗauka ta koma wata ƙofar da ta fi nisa. A bakin wani na ji.

Ba haka muka taso ba, kuma ba zan fasa faɗa ba ko za a ce mutum ya fara surutun tsufa. Unguwarmu tana bayan Ruwais, gidajen kwano da katakon akwatuna, in iska ta taso daga teku sai ka ji unguwa duka tana ƙara kamar tsohuwar mota. Yanzu wurin filin ajiye motoci ne. Na kai firji kusa da can kwanaki, na tsaya na rasa inda ƙofarmu take. A da ba agogo ke tashinmu ba, taɓarya ce. Da an idar da asuba sai turame su ɗauka, wannan gida ya buga wancan ya amsa, domin iyayenmu mata su ne masu yi wa gidajen Larabawa daka, barkono, lalle, alkama, duk abin da ke son ƙarfin damtse. Bayan taɓarya sai mai ruwa da garwa biyu a sanda yana cewa a kauce, sai hankaki a kan kwano, sai kukan jirgin ruwa daga tasha, mai kauri, har cikin ƙirji kake jin sa. Zufa kuwa ba a maganarta, riga takan manne maka tun hantsi. Aikina shi ne in ɗebo ruwa a famfon unguwa, in tankaɗe rairayin suyar gyaɗa, in naɗe takardun ƙunshi kamar mazurari in jera a tire. Yau kowa na ɗakinsa da jawwal, wayar nan, a hannu, ƙofa a rufe, maƙwabci ya mutu sai ka ga takalma sun taru a bakin ƙofa sannan ka sani. Kakarmu, uwar babanmu, takan zauna a inuwar kwano tana tauna goro da sauran haƙoranta, ta miƙe ƙafafu, tafin ƙafarta kamar bayan kunkuru. Ita ce ta taso daga ƙasar Hausa tana budurwa, a ƙasa, shekaru tana tafe, a hanya ta yi aure, a hanya ta haifi babanmu. In ta ji muna kukan zafi sai ta ce, "Wanda bai taka rairayi da azahar ba takalmi ba, kada ya zo mini da labarin rana." Mu kuwa dariya muke yi mata. Labarin tafiyarta mun ɗauke shi kamar tarin tsofaffi, abin da ake ji a wuce.

Akwai abin da 'yan Najeriya ba sa ganewa game da mu haifaffun nan. Hausa muke yi a gida, amma a madrasa Larabci aka koya mana, daga dama zuwa hagu. Ka miƙo mana Hausa da baƙaƙen boko, kamar ka miƙa wa makaho madubi ne. Kaf unguwarmu babu macen da ta iya, sai Yaya. Wata malamar makaranta ce daga Kano ta zo aikin hajji, ciwo ya kwantar da ita, jirginsu ya tashi ya bar ta, ta yi wata biyu a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, tana jinya. Yaya ce mai yi mata wanki da dama kunu, tana da shekara sha shida lokacin, ta girme ni da shekara biyu. Matar ta ga yarinya na leƙen littafin da ke ƙarƙashin matashinta, sai ta fara zana mata baƙaƙe da gawayi a jikin kwano. Kafin ta warke Yaya ta fara haɗa kalma. Da za ta tafi ta bar mata littafin. Ba shi da bango, gaba da baya duk sun tafi tun a Kano, shi ya sa har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta ba. Yaya ta ɗinke gindinsa da zaren buhu.

Sai ta fara karanta wa mata shi bayan la'asar a tsakar gidanmu, lokacin da aka ajiye taɓarya ana ɓarar gyaɗar gobe. Da farko mutum huɗu ne, kafin mako tabarma uku ba ta isa. Ba ta da sauri, shafi uku ko huɗu take yi a rana, tana bin layi da yatsa, in ta ci tuntuɓe da kalma matan su taya ta cankowa. Labarin wata yarinya ne 'yar maƙeri, a wani gari mai ganuwa, a zamanin yaƙe-yaƙe. Maza suka fita yaƙi ba su dawo ba, har da ubanta. Damina ta ƙarato, fartanyun gari duk sun cinye, babu mai ƙera sababbi. Mace kuwa ba ta taɓa maƙera a garin, ko inuwarta ba a so a wurin. Yarinyar nan, da ta girma tana leƙen ubanta ta kafar zana, ta shiga ta hura wuta ta ɗauki masaba, gudumar da ya bari. Fartanyar farko ta fito a karkace, ta biyu ta tsage, ta ƙona hannu, ta ci gaba. Ni ina naɗin takarda ina nuna ban damu da zancen mata ba, alhali kunnena na can. Matan nan da hannayensu suka yi kanta don daka, in aka zo inda yarinyar ke bugun ƙarfe sai ka ga sun daina ɓara. Wata maƙwabciyarmu mai faɗa, da muke kira Iya mai lalle, takan ce, "Buga, 'yar albarka, buga. Uban wa zai ba ki abinci in kin zauna?" Ana haka aka zo inda dattawan da suka rage a garin suka aika a kamo ta za a yanke mata hukunci. Aka kira magariba, Yaya ta rufe littafi, mata suka tashi suna tsaki.

Washegari takardar ƙunshi ta ƙare. Inna tana da doka, ba a ƙunshe gyaɗa da takardar Larabci ko da jarida ce, domin ba ka san inda sunan Allah yake ba, yaro ya ci ya yar a kwata. Buhun siminti muke yankawa, ko jaridun Turanci da wani mai gadi ke kawo mana. Ranar babu ko ɗaya, gyaɗa na kasko, an kusa tashin 'yan makaranta, Yaya ta tafi kai wanki. Inna ta ce, "Kai, ɗauko littafin yayarka ka ciro na farko-farkon. Ai mun ji su, an gama da su. Boko ne, ba komai a ciki." A wurin Inna labarin da aka ji kamar tuwon da aka ci ne, kwano ya rage a wanke. Na ɗauko. Na riƙe shi yadda na saba riƙe kowane littafi tun da aka sa ni madrasa, ɗinki a hannun dama, na buɗe ta inda ake buɗe Alƙur'ani. Bango babu balle ya nuna mini, lambobin shafi ma ba irin namu ba ne. Sau nawa na ga Yaya na juya shafi ta wancan ɓangaren, amma ido na kallo hankali na wajen 'yar maƙeri. Na kama kamar kaurin yatsa na ja, har ina yabon kaina wai na bar mata inda ta tsaya. Na naɗe su tsaf, Inna ta zuba gyaɗa, kafin a kira azahar yara sun cinye sun watsar. Ƙarshen littafin na yage. Duk abin da ba a karanta ba, in ban da ganye biyu.

Da Yaya ta dawo ta ɗaga littafin ta ji ba nauyi. Ta juya shi, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ta ina ka buɗe?" Na nuna mata. Ta ce, "Jaki. Har littafi sai ka shige shi ta ƙofar baya." Na ruga ƙofar makarantar ina tsintar takardu a ƙasa, na samo guda biyar, mai ya jiƙa su, akuya ta ci rabin ɗaya, ba wadda ke bin wata. Inna ta ce ita dai farko ta ce, ba ruwanta. Na ce zan tsaya gaban matan in faɗa. Yaya ta ce, "Ka faɗa su yi yaya? Su cinye ka littafin ya dawo? Matan nan tun asuba suke daka suna jiran la'asar. Rufe mini baki ka shimfiɗa tabarma."

Aka taru har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Ta karanta ganye biyun, aka kawo yarinya gaban dattawa, babbansu ya buɗe baki zai yi magana, takarda ta ƙare a tsakiyar zance. Na ga yatsanta ya tsaya. Ta yi gyaran murya, ta mai da yatsa saman shafin da ta gama, ta ci gaba da muryar karatu, har da tuntuɓen ƙarya. Ta ce dattawa sun karɓi fartanyun, amma sun kore ta daga garin don ta karya al'ada. Iya mai lalle ta ce, "Haka suke, matsiyata." Ta ce yarinyar ta ɗaure masabar ubanta a zane ta bi ayarin masu zuwa gabas. Daga nan na fara jin abubuwan da na sani. Rijiyar da aka tarar da mushe a ciki, aka tace ruwan da gefen zane aka sha. Shekara biyu ana tsintar auduga a gonakin bakin kogi don a tara guzuri. Matar da ta haihu a hanya ayari bai tsaya ba, yarinyar ta tsaya da ita, suka bi kashin raƙuma har suka cim musu. Jirgin katako da aka cusa su ciki kamar buhuna aka ƙetare teku. Duk labaran Kaka ne, waɗanda muke yi wa dariya. Ashe Yaya na kwashewa. Ta ɗora su a kan 'yar maƙeri, ta ƙara da nata, inda yarinyar ke gyara wa mutane wuƙaƙe a kowane zango a ba ta hatsi.

Sama da mako biyu tana yi da shafi ɗaya. Iya mai lalle, da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba amma ba ta da wauta, ta ce wata rana, "Ke, wannan shafin naki ba ya ƙarewa ne? Tun Talata nake ganin ɗigon man nan a gefensa." Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Rubutun ƙanana ne, Iya." Aka yi dariya aka wuce. Ina jin tun ranar kowa ya gane, ba wadda ta so a daina ne. Kaka kuwa, da ba ta taɓa zama a karatun ba don a ganinta tatsuniyar rana ce, ta fara jawo 'yar tabarmarta kusa. Ranar da aka zo haihuwar nan, Yaya ta ce a gindin ƙaya aka yi, Kaka ta cire goro daga bakinta ta ce, "Gindin aduwa ne. Kuma ba don kirki ta tsaya ba, matar ce ta riƙe mata ƙafa, tsoro ya hana ta fizgewa." Yaya ta ce, "To Kaka, haka aka rubuta." Kaka ta ce, "Wanda ya rubuta ba ya wurin. Ni ina wurin. Gyara." Yaya ta gyara. Daga ranar su biyu ke karatun, ɗaya na riƙe da takarda, ɗaya na gyara mata. Matan da ke wuce Kaka da gaisuwar baki suka koma durƙusa mata. Ba ta cika shekara bayan nan ba ta rasu, kuma ainihin labarin tafiyarta duk a kwanakin nan ya fito. Da ban yi wautata ba da ta tafi da shi kabari. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Jaki dai jaki ne ko ya kai kaya gida.

To ga shawarata ga duk yarinyar da ke neman irin littattafan nan, da iyayen da ke saya musu. Na sa 'yata ta karanta mini bayanin waɗanda ke takardarta, ai ina jin Larabci. Yawancinsu 'ya'yan sarakuna ne na wasu ƙasashe masu sanyi, da takobi, da gashi har gadon baya, kuma duk inda aka je aka dawo akwai wani kyakkyawan saurayi a lungu yana jira ta gaji ya ɗauke ta. Ban hana ba, a karanta, ya fi latse-latsen waya. Amma in na gaske kuke so, ku buɗe tsakiya ku duba. Yarinyar tana da sana'a a hannunta? An faɗi abin da ta ci ranar da babu? Ta taɓa jin tsoro har ta kasa ɗaga ƙafa, ta yi abin kunya, ta tashi washegari ta ci gaba? Marubucin da bai san nauyin tulu ba bai san jaruma ba, ajiye masa kayansa. Akwai ɗaya a takardar da na yarda da shi, na wata 'yar masunta da ta riƙe kwalekwalen gidansu a shekarar annoba, shi na ce ta fara da shi. Sannan ku roƙi masu zuwa Umara su riƙo muku na Hausa daga gida, na zamanin da, akwai su. Ko ba ku iya boko ba ku nemi mai karanta muku da ƙarfi, a cikin mutane, ana aikin hannu. Littafin da aka karanta a ɗaki a rufe rabinsa aka ji. Kuma kafin duk wannan, ku duba ko akwai wata a danginku da kuke wucewa.

Haka na gaya wa 'yata, na ba ta labarin nan duka kamar yadda na ba ku. Tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke yi mata wuya, sai ta haɗa da Larabci. Ta ce, "Baba, hada mu kitab. Ba littafi ba ne. Abla suna take so, da sunan mai rubutawa." Na ce, "Ki ce mata sunan ya faɗi a hanya." Ta ce ƙawayenta za su yi dariya, za su ce labarin takari ne, sunan da suke kiranmu da shi a nan, masu tallar gyaɗa. Na ce, "Gyaɗar nan ita ta sayi rigar makarantar da na sa, ni kuma na sayi taki. In kunya kike ji, cire." Uwarta ta ce in bi ta a hankali, yarinya ce. Na ce shekararta sha shida, daidai da Yaya lokacin da ta riƙe tsakar gida guda da shafi ɗaya. Na ce ba zan ja ta ba, Yaya ba ta bukatar a yi mata barar baƙi. Amma ta sani jirgi ba ya jiran mai shawara. Kusan mako biyu ba ta yi mini maganar ba, ni ma ban yi ba. Kullum na dawo sai in haɗiye abin da ke bakina in ci abinci.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan tafi Waziriyya, unguwar Yaya, in taya ta ɗaure kaya. Na fito na tarar da yarinyar tsaye jikin dabbab da abayarta da littafin rubutu, ita da kullum ke cewa in sauke ta nesa da makaranta kada a gan ta a motar katifu. Na buɗe mata. Ɗakin Yaya a saman wani tsohon bene yake, ɗaki ɗaya da ɗan fili a gabansa inda take suya. Muka same ta tana rabon kayanta, wannan tukunya ta wance, wannan kasko na wance, akwati biyu kawai jirgi zai ɗaukar mata daga rayuwar shekara hamsin da ɗoriya. Ta ɗago ta ga wadda ke bayana.

"A'a. Balarabiya ce a gidanmu? Ɓatan hanya aka yi?"

Yarinyar ta durƙusa, abin da ba ta yi sai an zungure ta. "Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Yau kin gane ni ke nan. Ko don babu ƙawaye?"

Na buɗe baki, Yaya ta ce, "Kai, ban sa da kai ba."

Yarinyar ta ce, kanta a ƙasa, "Na yi kuskure, Gwaggo. Samihini."

"Da Hausa."

"Ki yafe mini."

"Zan duba." Ta tura mata tire da ƙafa. "Sauran gyaɗar nan ba zan bar wa ɓera ba. Zauna ki ɓare. Me ke tafe da ke? Don na san ba ƙaunata ba ce."

"Labarin 'yar... 'yar mai buga ƙarfe."

Yaya ta harare ni. "Har abin kunyarka ka faɗa mata?" Na ce na faɗa. "Ka faɗa mata jaki na ce maka?" Na ce har shi. Ta ce to madalla, an fara gaskiya a gidanku. Ta zauna a kan akwati ta dubi yarinyar. "Sharaɗi biyu. Ba zan yi miki tarjama ba, abin da ba ki gane ba ki tambaya, baki gare ki. Kuma in kin tashi ba ablarku labarin, a gaban ƙawayen naki, ki faɗi wadda ta ba ki da sana'arta. Gyaɗa nake sayarwa, ba zinari ba. In ba za ki iya ba, mota na ƙasa."

Yarinyar ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare. Ina kallo tana murza ɓawo a yatsa har ya zama gari. Ta ce, "Zan faɗa."

"Za mu gani. Rufe littafin rubutun nan, ba shifta za mu yi ba. Kunne ake kawowa."

Ta fara. Ba a yi nisa ba yarinyar ta tsayar da ita, wai mene ne zugazugi. Yaya ta kama hannayenta biyu tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, tana hura iska da baki, har yarinyar ta yi dariya. Ni na sauka da kayan da za a raba wa mutane, na yi sawu uku cikin unguwa na dawo. La'asar ta wuce, na tsaya a ƙasa na yi hon. Sai ga kanta ya leƙo ta saman katanga, hannu duk ɓawo.

"Baba, ka tafi. Ka kawo mini kayana da na madrasa. Ina nan har Gwaggo ta... har ranar."

"Daga nan zuwa makarantarku tafiya ce fa."

"Kai za ka kai ni."

"A dabbab?"

"A dabbab. Yalla, Baba, yi sauri, ta tsaya tana jira."

Uwarta ta kira ni a hanya tana faɗa, wai jarrabawa na tafe, wai wa na shawarta. Na ce mata kwana tara suka rage. Ba su isa komai ba, na sani, an riga an ci mu da yawa. Amma ko ɗaya daga cikinsu ba wanda zai karɓe mini. Na ce ta haɗa wa yarinya jaka, ga ni nan zuwa.